Baki Ba Ya Son Almakashi

A Kumano, garin da tsaunuka suka yi wa ƙawanya,
shekara tara na yi a gefen tabarmar Tatsue
kafin ta bar ni in ɗaure burushi ni kaɗai.
Shekarar fari toka kawai na sani,
tokar ƙaiƙayin shinkafa, da ɗuminta,
a barbaɗa wa gashi, a naɗe cikin fatar barewa,
a murza, a murza,
har maiƙo ya saki, gashi ya miƙe.
Tafina ya yi kaushi, farcena ya yi baƙi.
Na ce, "Yaushe zan taɓa almakashi?"
Ta ce, "Gindi ake yankewa.
Baki, yadda dabba ta zo da shi, haka zai isa takarda.
Wanda ya aske baki, tsintsiya ya yi."

Idonta ya dushe tun kafin in zo,
ɗan yatsanta ne ke gani.
Sai ta shafa damina sau ɗaya,
ta zaro sili guda da ya kwanta kai a ƙasa,
ta ɗora mini a gwiwa, ta ci gaba da aikinta.
Sili ɗaya cikin dubu!
Haushi ya zo mini har wuya.
Ban san shi ne waken da ke ɓata gari ba,
shi zai ware ran da mai zane ya riƙe numfashi
yana jan layin ƙarshe.

Wutsiyar doki a tsakiya, don ƙashin baya.
Gashin akuya a waje, don shan tawada.
Zaren rama a haƙori, a ja har dasashi ya yi tsami,
ƙarfe mai zafi a gindi,
ƙauri ya bi mu har cikin kwanon shinkafa.
Sannan gora.

Duk kaka ana hura wuta a garinmu,
kowa ya kawo burushin da ya gaji,
a yi masa godiya, a sa shi a harshen wuta.
Bana wani tsoho ya sauko daga motar Onomichi,
Okazaki Genzo, mai zanen jiragen ruwa,
yana tambayar gidan Tatsue.
Na ce masa damina biyu ke nan da binne tokarta.

Ya zauna a dokin ƙofa, ya kwance hankici.
Gorar ta yi baƙi da gumin shekara talatin da ɗaya,
ga lotsawa inda babban yatsa ke zama,
ga shaidar haƙori a can sama,
ga sunanta, da ƙyar ake karantawa.
"Da shi na zana igiyoyin tashar nan duka,
da kyanwoyin matakala,
da fuskar matata, watan da ta daina cin abinci.
Ban taɓa barinsa ya kwana a ruwa ba.
In wanke, in matse a hankali,
in rataye shi kai ƙasa kamar jemage."

Ya tsoma shi a shayin da na kawo masa,
ya yarfa sau ɗaya.
Baki ya haɗu tsaf, kamar allura.
"Kin gani? Gajarta kawai ya yi, bai rabu ba.
Ni ne hannuna ya fara rawa."

Mun je gaban wutar tare.
Ya daɗe a tsaye, hayaƙi na sa shi tari,
yara na jefa nasu na makaranta suna dariya.
Sai ya juyo ya cusa mini hankicin a hannu,
ya ce kada mota ta bar shi.

Daren nan na kunna fitila,
na baje gashin a kan farcena, sili-sili,
ina neman ɗaya tak da ya kwanta kai a ƙasa,
ɗaya da ya kuɓuce mata,
in ɗora a gwiwata, in huce.
Har zakaran maƙwabta ya yi cara ban samu ba.

Da safe na ɗumama toka.