Ruwan Kwaɓi

Shekara sittin cif da majami'armu a ƙasar Roni.
Tsohon wilin mota da ke rataye a tsamiya
ya tashe mu tun asuba.

'Ya'ya sun dawo daga Fatakwal, daga Bukuru,
da takalman da ba su san ƙaya ba.
Malam Sha'aibu maƙwabci ya aiko tabarmi goma
da ƙwaryar fura.

Fasto ya karanto sunayen magina:
Nomau, Jatau, Istifanus Ɗanbaƙo.
Sai Iya Tasalla ta doka sandarta a ƙasa:
"Ruwan kwaɓin fa? Da ƙafarsa ya zo?
Tulu nawa Barmani ta ɗauko daga rafi,
ga goyo a baya?"

Tsit.
Jikar Barmani ta ari biro,
ta ƙara layi a ƙasan takardar.