Falanki Ɗaya a Tudun Lima

Tsakanina da Nelida falanki ɗaya ne,
kaurinsa bai kai yatsa ba.
Kafin annoba Wilmer kan fita da kekensa tun asuba,
gida ya huta, kwanuka su huta.
Sai aka ce kowa ya zauna a gida ya tsira.
Wanda ya faɗa a rediyo
bai taɓa kwana jikin falankin nan ba.

Suka raba mana mako kamar watanda:
Litinin ta maza, Talata tamu.
Ran Litinin kasuwa fayau.
Ran Talata muna layi, ƙirji na gugar baya,
cuta na bi tana zaɓe
kamar mai sayen dankali.

A layin na gan ta.
Takunkumi ya rufe leɓe,
amma ido ba ya sa takunkumi.
Na ce, "Ƙofar ce kuma?"
Ta ce, "Ƙofar ce, Eulalia."
Ni kuwa na san ɗakinta,
labule ne a bakinsa.

Sau huɗu ta buga lambar agaji daga banɗaki,
aka ce ta jira.
Ta gangara matakala ɗari uku cikin dare
har teburin 'yan sanda,
suka ci ta tarar karya doka.
Shi ya biya tarar.
Ita ta biya shi.

Mu goma sha ɗaya muka ɗora tukunya a kan tudu,
farin ƙyalle a sanda, alamar yunwa.
Kullum ita ke karɓar yankan albasa.
Nan ne kaɗai ba a tambayar mace
me ya sa ta hawaye.

Wata Laraba falanki ya yi tsit.
Wilmer ya ce ta tafi Huancayo wajen uwarta,
a ƙafa, kamar sauran jama'a.
Takalminta na kan kwano inda ta shanya shi,
har yau.

Da yamma rediyo na lissafi:
waɗanda suka kamu, waɗanda suka mutu, gadajen da suka rage.
Nakan kasa kunne har ƙarshe.
Ba ta ciki.

Muna da alama, ni da ita:
ƙwanƙwasa uku, wato ina raye.
Ban daina ba.
Jiya aka amsa mini,
can ƙasa-ƙasa,
daidai tsawon 'yarta.