Gwangwanin Shayi

A kasuwar Umdurman, bayan masu turare,
tsoho Barau na tara lambobin sojan Ingila
cikin gwangwanin shayi.
Goma sha ɗaya. Biyu ba zare.

Ya miƙo min guda: karanta gefen.
Sunan ya shafe, saura kofur da rabin lamba.
Shekara goma sha takwas
ba maye, ba musu, takalmi na ƙyalli,
ladan azurfar da ba ta fi murfin buta ba.

Kakan Barau a Karari ya kwanta.
Na ce, to don me kake goge su da toka?

Ya ce, wanda ya ci ya tafi,
wanda aka ci ya tafi.
Ni aka bar wa wankin kwano.