Bashin Farar Ƙwaya

Matakala ɗari da goma sha bakwai
daga bakin tekun Valparaíso zuwa ƙofarmu.
Shekara arba'in uwata Eduvigis tana hawansu
da kwandon kifi a kafaɗa,
har ranar da kafaɗar ta ce ta gaji.
Ta wayi gari hannu ya ƙi kaiwa ka,
matsefi ya yi nauyin dutse,
maɓallin riga ya zama aikin yini.

Likita Ossandón ta duba jini, ta rubuta:
kotizon, da safe, bayan an karya.
'Yar ƙwaya fara, farce ya fi ta faɗi.
Kwana uku kacal
na tarar da ita tana shanya a kan rufi,
hannu biyu sama, tana korar tsuntsayen teku.
Ta ce, "Fermín, ashe ana sayar da ƙuruciya a kwalba!"

Ashe rance ne.

Barci ya fara karɓa.
Ƙarfe uku na dare tana goge tukunyar da ta goge jiya,
jiragen ruwa na gunji a tasha, tana amsa musu.
Yunwa ta shigo ta zauna a kujerar marigayi babana,
burodi biyu, uku, ba ta tashi.
Fuskar da iskar gishiri ta sassaƙe
ta cika, ta kewaye kamar wata daren sha huɗu.
Jikarta Amparo ta tsaya a bakin ƙofa:
"Kaka, wa ya hura ki?"
Ta yi dariya.
Da dare na ji ta juya madubi ya kalli bango.

Fata ta koma takardar naɗe kifi,
gefen tebur ya shafe ta, shuɗi ya fito ya kwana goma.
Sukarin jini ya hau.
Ta yi mini faɗa a kan cokali,
ta yi kuka a kan cokalin.

Wata Laraba ta tura kwalbar bayan gwangwanin shayi,
ba ta gaya wa kowa ba.
Fuskarta take so a mayar mata.
Ran Asabar jiri ya kwashe ta a mataki na sittin,
amai, gumi mai sanyi,
maƙwabcinmu Nibaldo ya goyo ta kamar jaririya.

Likita ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, "Akwai wani ɗan ma'aikaci a saman ƙodarki,
shi ke haɗa irin wannan tun kina ciki.
Da ya ga baƙo ya ɗauke masa kaya, sai ya kwanta.
Ba a tashinsa da guga na ruwa.
Ke da kika san tudu, Eduvigis,
kin taɓa sauka da tsalle ɗaya?"

Uwata ta yi shiru. Ta miƙa hannu.

Yanzu kalanda na rataye kusa da murhu,
kowane wata da adadinsa, yana raguwa.
Da tsohuwar wuƙar fawar kifi take raba ƙwayar biyu,
ta haɗa da ta ƙarfin ƙashi, ta kora da madara.
Kumatun sun fara saɓewa kaɗan.
Wata safiyar kafaɗar tana yi mata tuni,
sai ta zage ta, ta ɗauki matsefi.

Madubin har yau bango yake kallo.
Amma jiya na ga ta tsaya a tagar mai burodi,
tana gyara gashi, tana duba wata mata da ta kusa ganewa.