Eriyar Baba

A Dass duwatsu ne ke fara jin labari,
abin da suka rage shi ke gangarowa gari.
Tun ranar da akuya ta taka eriyar rediyon Baba
ya koma kaskon mai ƙosai:
cuuu, cuuu, mai na tafasa, magana ta nutse.

Baba kuwa shekara uku ke nan ido ya tafi,
kunne kaɗai ya rage masa taga.
Yakan saɓa akwatin a kafaɗa, ya juya gabas,
ya juya kudu, ya ɗaga shi sama,
ya ce, "Talatuwa, mutumin nan magana yake ko wanka?"

Ran kasuwa na je rumfar Ishaya mai gyaran fanka.
Ya tono mini tsohon koyil da ya ƙone,
ya ce, "Warware a hankali, jan ƙarfe ba ya son fushi."
Na zauna gindin turmi ina warwara
har yatsuna suka yi baƙi.

Kamu ashirin na auna.
Na saro gora a bakin rafi, wadda ta fi katangarmu tsawo,
na ɗaura mata wuyan kwalba a ka
don kada waya ta taɓa ice ta zubar da abin da ta kamo.
Ɗaya bakin, ƙanena Buhari ya kai shi reshen mangwaro.
Inna ta leƙo daga madafa:
"Igiyar shanya? Allah ya yi albarka."

Na kankare bakin wayar da reza har ya yi ja,
na naɗa shi a kututturen eriyar da ta karye,
sau bakwai, na matse.

Baba ya murɗa.
Shiru.
Sai murya, tas,
kamar mai ita na zaune a tabarmarmu,
har numfashinsa, har takardar da yake juyawa.
Bauchi ta shigo. Jos ta biyo baya.
Can a gajeren zango wata ƙasa mai nisa
ta yi sallama da Hausa.

Bai ce uffan ba har aka gama labarai:
farashin taki, gadar da ruwa ya ci,
sunayen waɗanda aka binne jiya.
Sannan ya ce, "Ashe tuyar nan tana rufa mini asiri,
rabin baƙin labari a cikin mai yake ƙonewa."
Amma bai kashe ba.

Yanzu in hadari ya taso ta bayan dutse
ni ce mai gudu in cire wayar
kafin aradu ta gan ta.
Gari na wayewa in mayar.

Jiya na tarar Inna ta shanya ɗankwalinta a kai,
kurciya biyu a gefe suna lilo,
Baba a ƙasa, kunne a akwati,
yana gardama da mai sharhin ƙwallo.