Firijin da Ba Ya Ƙanƙara

Watan Afrilu a Jega,
rana ta zauna bisa kwano kamar mai bin bashi.
Randar tsakar gida ta sallama,
ruwanta kamar yanzu aka sauke daga murhu.
Na ƙulle kuɗin adashina a bakin zane,
na ce yau sai sanyi ya kwana gidan nan.

Shagon Bagudu, bayan tasha:
ga su nan dogaye, farare, tsatsa ta ci ƙafafunsu,
wani na gurnani, wani sai da igiya ƙofarsa ke rufuwa.
Can ƙurya na hango ɗan baƙi,
gajere, bai wuce ƙuguna ba,
ƙofar gilashi mai duhu, 'yar fitila shuɗiya a ciki,
da sirarin katakai, kowanne da ɗan kwari,
kamar an sassaƙa wa kwalba gado.

"Wanga daga Kwatano yaz zo, ta Kamba," in ji Bagudu.
"Bai shan wuta, bai kuka da dare.
Ki bar shi ya huta yini guda kafin ki jona."
Na tambayi kuɗi, ban tambayi sanyi ba.
Ido ya saya, kai yana gida.

Daren farko na ƙulla ruwa leda goma sha biyu.
Da asuba na taɓa: ruwa dai, ruwa.
Na danna, na sake dannawa,
lamba ta tsaya kan bakwai, ta kafe kamar jaki a bakin gada.

Sai Ɗan'ige ya zo hutu daga Aliero,
ya durƙusa, ya karanta rubutun bayansa,
dariya ta kayar da shi ƙasa.
"Gwaggo, na ajiyar giyar inabi ne!
Masu ita ba su son ƙanƙara,
duhu suke so, da sanyi mai kunya,
kwalba a kwance don kada toshiyarta ta bushe."

Nomau ya yi salati, ya ajiye buta:
"A mayar masa yau ɗin nan."
Na ce, Malam, ƙwarya ba ta zaɓar abin da aka dama a cikinta,
wanke ta ake yi.
Na wanke da sabulu, na bi da lemun tsami,
katako bayan katako, har sau bakwai,
ban san dalilin bakwai ɗin ba, hankalina ne ya so.

Daga nan muka fara sanin juna.
Kunun aya ya ba ni kunya a kwana na biyu,
ya yi tsami, ya kumbura gora.
Nama ban ma gwada ba.
Kwalbar farko da na kwantar ta tsiyaye har ƙasa,
na koyi murɗa marfi sai ya yi ƙara.
Na janye shi daga bango tsawon tafin hannu don ya shaƙi iska,
na raba shi da taga.
In an ɗauke wuta, doka ce: ba mai buɗewa.
Jikoki sai su manna hanci a gilashi suna ƙirga rabonsu.

Amma zoɓo!
Zoɓo ya samu ɗaki.
Ja wur, da citta da kanumfari,
ya kwanta layi-layi, tsamiya a sama, lamurje a tsakiya,
sanyin da ba ya sarar haƙori,
irin na rijiya da sassafe.

Jiya Hajo ta aiko yarinya da kofi, a sammata ƙanƙara.
Na ce ki gaida ta, ki wuce gidan Tumba.

Katakon ƙasa kuwa yanzu ba nawa ba ne.
Wanda ya ce a mayar
ya naɗe goronsa a jiƙaƙƙen algarara ya ajiye a nan,
kwana tara bai yanƙwane ba.
Bayan isha'i nakan ji ƙofar ta buɗe a hankali,
shuɗin haske ya faɗo bisa tabarma,
sai ƙaras, an ɓare goro.
Ni kuwa na yi kamar barci nake.