Gyara

A Suwame, inda guduma ke riga zakara tashi,
nan nake yini kwance ƙarƙashin motocin mutane.
Shekara huɗu rabona da ƙofar majami'a,
tun daren da muka kai Rahila asibiti
muka komo Abuwabo da zanenta kaɗai a leda.

Na ce na daina kiran wanda bai amsa ba.
Daga baya na ɗaura wa wani direban Tamale
tsohon burki a kuɗin sabo.
Kuɗin sun ƙare a kwana uku,
nauyinsu ne ya ƙi ƙarewa.

Iya Rifkatu mai koko, can bakin gareji,
ba ta taɓa yi mini wa'azi ba
sai safiyar da ludayinta ya tsaya a sama,
ta ce, "Istifanus, miƙo hannu mu roƙa."

Na ɓoye su a baya.
Baƙin mai ya ci farce, ya ci zanen tafi,
abin da ke ƙasan man kuwa
sabulun Kejetiya duka ba ya fid da shi.

Ta yi dariyar mai haƙori biyu.
"Da hannun nan kake karɓar ƙosaina kullum.
Yaushe na ce ka wanko tukuna?
Wanda nake ƙara maka a kai, na gyara,
ka taɓa biyan sa?
To haka addu'a take.
Ba albashin masu tsabta ba ce."

Na ce, "Iya, ban ma tabbata akwai mai ji ba."
Ta ce, "Faɗa masa hakan.
Ya sha jin wadda ta fi ta ɗaci."

Da dare ruwa ya sauko a kan kwano,
ina ƙarƙashin wata tsohuwar bas, sifana a hannu.
Na nemi kalmomin da aka koya mini ina yaro,
duk sun yi tsatsa.
Abin da ya fito kawai shi ne:
Yesu, ga ni, in kana nan.

Ba a yi tsawa ba.
Bas ɗin ma ba ta tashi ba sai da aka tura.
Rahila ba ta dawo ba.

Amma na yi barci har gari ya waye,
na ɗauki sabon burki a buhu,
na nufi tasha
ina tambayar direban Tamale mai tabo a goshi.